Wasiƙun shugabanni da takardun soja a matsayin kayan tarihi

A watan Afrilun 2008, kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke birnin New York ya sayar da wata gajeriyar wasiƙa ta tsohon shugaban Amurka, Abraham Lincoln, a kan kuɗi dala miliyan 3 da dubu 400.

Lincoln ya rubuta wasiƙar ne a 1864, ana tsakiyar yaƙin basasar ƙasar, domin amsa takardar koke da wasu yara 195 suka aika masa, suna roƙonsa da ya 'yanta 'ya'yan bayi.

A watan Disambar 2009 kuma, kamfanin Christie's ya yi gwanjon wata wasiƙa da George Washington ya rubuta wa ɗan ɗan'uwansa, Bushrod, a 1787, a kan batun sabon tsarin mulkin Amurka. An saye ta a kan dala miliyan 3 da dubu 200.

A ƙasar Hausa ma akwai takardu irin waɗannan: wasiƙun sarakuna da na waziransu, da takardun naɗi, da littattafan sallama na 'yan mazan jiya da suka yi yaƙin Bama.

Sai dai babu wata kasuwar gwanjo da ke yi masu kuɗi. A garuruwan tsakiyar jihar Katsina, kamar Dutsin-Ma da Kurfi, da ƙauyukansu irin su Dabawa, inda duk irin wannan takarda ta tsira, galibi tana cikin adaka ne ko gafakar wani dattijo, kuma sau da yawa magada ba su san ko mece ce ba.

Abin da ke sa takarda tsada

Masu tara kayan tarihi sun fi duba abin da takarda ta ƙunsa, fiye da sa hannun da ke jikinta.

Takardun ƙarin girma na soja sun isa misali. A lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, Lincoln ya sa hannu a kan dubban takardun naɗin hafsoshi, waɗanda aka buga da na'ura, magatakarda ya cike sunan mai ita da muƙaminsa, sakataren yaƙi shi ma ya sa hannu.

Da yake suna da yawa, akan sayar da su ne a kan dubban daloli, abin da bai kai ko kusa da kuɗin wasiƙar yaran nan ba.

Amma idan takardar ta shafi wani babban al'amari, to lissafi ya canza. Ƙarin girman da Lincoln ya yi wa Ulysses Grant zuwa laftanar-janar a watan Maris na 1864, alal misali, shi ne ya ɗora shi a kan dukkan rundunonin gwamnatin tarayya, kuma Grant ne ya karɓi saranda daga Janar Robert Lee a shekara mai zuwa. Duk wata takarda da ta jiɓanci wannan naɗi tana da wata daraja ta daban.

Bayan haka sai a duba ko shugaban ne ya rubuta da hannunsa, ko kuwa wani ya rubuta ya kawo masa. Shugabannin Amurka na baya-bayan nan ma suna da na'urar da ke kwaikwayon sa hannunsu, kuma takardar da na'ura ta sa wa hannu ba ta da wani kuɗi a kasuwa.

Sai kuma silsilar mallaka, wato sanin hannayen da takardar ta bi tun daga ranar da aka rubuta ta. Wannan ita ce babbar garkuwa daga jabu. A 1983 mujallar Stern ta Jamus ta biya kuɗin ƙasar na lokacin fiye da mak miliyan 9, ta sayi wasu littattafai da aka ce kundin sirrin Hitila ne. Binciken takarda da tawada ya nuna an yi su ne bayan yaƙi, kuma wani mai suna Konrad Kujau ne ya ƙirƙira su.

Wasiƙun Sakkwato

Daular Usmaniyya, wadda aka kafa bayan jihadin 1804, da wasiƙa aka yi ta gudanar da ita. Sarkin Musulmi kan rubuta wa sarakunan Kano da Katsina da Zazzau da sauransu, su ma su rubuto, kuma yawancin wannan aiki ta gidan Waziri yake bi.

Da Larabci ake rubuta su, a kan takardar da fatake ke kawowa daga Tarabulus ta hamada. Da yawa daga cikin takardun a Italiya aka yi su, kuma idan aka ɗaga su ga haske akan ga tambarin jinjirin wata guda uku a jikinsu.

Magatakarda ne ke rubutawa, don haka hatimin da ke saman takardar shi ne shaidar wanda ya aiko ta. Akasarinsu kuma ba su da kwanan wata. Masana kan gane lokacinsu ne ta hatimin, da sunayen mutanen da aka ambata, da al'amarin da ake magana a kai.

Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sani ita ce wasiƙar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Baturen nan Hugh Clapperton a 1824, domin ya kai wa Sarkin Ingila George na Huɗu. Ta yi magana a kan ciniki da hulɗa tsakanin ƙasashen biyu, kuma an buga fassararta a London a 1826.

Lokacin da sojojin Birtaniya suka ci Sakkwato a ranar 15 ga watan Maris na 1903, sun tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Muhammadu Buhari. Wani jami'in mulkin mallaka, H. F. Backwell, ya fassara wasu daga ciki, aka buga a Legas a 1927. A cikinsu ne ake ganin yadda sarakuna ke sanar da Sakkwato motsin Nasara, suna neman shawara.

Akwai kuma wata wasiƙa da har yanzu ake muhawara a kanta. Lugga, wato Gwamna Frederick Lugard, ya ce a 1902 ya sami wasiƙa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman, wadda ke cewa babu abin da ke tsakaninsu sai yaƙi. Yana daga cikin hujjojin da ya kafa na kai wa Kano da Sakkwato hari.

To amma fassarar Turanci ce kawai aka sani. Ainihin takardar Larabcin ba ta bayyana ba, kuma D. J. M. Muffett, wanda shi kansa tsohon jami'in mulkin mallaka ne, ya nuna shakku a kanta a wani littafi da ya wallafa a 1964. Da a ce takardar za ta fito yau da hatiminta, da ta warware wata gardama da ta haura shekara 60.

Masanin tarihi Murray Last, wanda littafinsa a kan daular ya fito a 1967, ya dogara ƙwarai a kan takardun da Wazirin Sakkwato Junaidu ya adana a gidansa. Wato dai gida ɗaya da ya riƙe takardunsa shi ya ba da kaso mai yawa na abin da aka sani game da yadda aka tafiyar da daular.

Daga fadar Katsina zuwa ƙauye

Zuwan Turawa bai kashe wasiƙa ba, sai ma ya ƙara mata yawa.

Kowane sarki da suka naɗa sukan ba shi takardar naɗi mai ɗauke da sharuɗɗa, tare da sanda. A Katsina, bayan sun tuɓe Sarki Abubakar, sannan suka tuɓe Yero, sai suka ɗora Durɓin Katsina Muhammadu Dikko a ƙarshen 1906. Da haka sarauta ta tashi daga gidan Dallazawa ta koma gidan Sulluɓawa, kuma Dikko ya yi mulki har zuwa 1944.

A ƙarƙashin tsarin En'e, umarni kan taso daga Razdan ko Di'o zuwa fada, daga fada zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci da mai unguwa. Hakimin Dutsin-Ma shi ne Yandakan Katsina, na Kurfi kuma Maraɗin Katsina. Ta hannunsu ne takardun haraji da jangali, da sammaci, da naɗin dagatai suke isa ƙauyuka irin su Dabawa, wasu da Larabci, wasu da ajami, daga baya kuma da boko.

Kwafin da ya rage a ofisoshin Turawa yana gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, a cikin fayilolin lardin Katsina. A can ake samun rahotannin ƙidayar haraji na gundumomi, da bayanan yadda aka naɗa hakimai ko aka tuɓe su.

Abin da ba ya can shi ne rabin da ya isa hannun mutane: takardar da dagaci ya karɓa, da amsar da malamin hakimi ya rubuta, da rasit ɗin da talaka ya ɓoye a cikin kuttu domin kada a sake tambayarsa kuɗi. Tarihin da aka rubuta daga fayilolin Kaduna kaɗai, muryar Di'o ce ta fi fitowa a cikinsa.

Wani wanda wasiƙunsa suka tsira shi ne Abubakar Imam, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a Katsina kafin ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a 1939. Ya je Ingila a 1943 tare da wasu 'yan jarida na Afirka ta Yamma, ya gana da Lugga, daga baya kuma ya rubuta masa dogon bayani a kan matsalolin mulkin En'e. Takardun Lugga suna jami'ar Oxford.

Igiya da anini

A Yaƙin Duniya na Biyu, ta hannun sarakuna da hakimai aka ɗauki dubban samari daga arewacin Nijeriya aikin soja.

Wasu sun yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha. Mafi yawa kuma an tura su Bama a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda aka kafa a 1943. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya gaji Dikko, ya kai masu ziyara har can.

Sunayen wuraren da suka gwabza da Japanawa suna nan a jikin barikoki: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Myohaung da Arakan a Legas.

Ƙarin girman da ɗan Nijeriya zai iya samu a lokacin yana da iyaka. Farabiti kan zama las kofur mai igiya ɗaya, sannan kofur mai biyu, sannan saje mai uku, har ya kai samanja. Daga nan hanya ta toshe, domin anini na Turawa ne.

Seth Anthony na ƙasar Ghana ta yanzu, wanda aka ba muƙamin hafsa a 1942, shi ne ya fara ƙetare wannan shinge a yankin. A Nijeriya sai bayan yaƙi aka fara naɗa hafsoshi 'yan ƙasa, kuma Zakariya Maimalari yana cikin na farko da suka fito daga makarantar Sandhurst a 1953.

Labarin Chari Maigumeri, mutumin Borno, ya nuna yadda abin yake. Ya fara aikin soja ne a wurin Jamusawa a Kamaru, inda suka ba shi lambar jaruntaka. Sojojin Birtaniya suka kama shi a Garwa a 1915, daga baya ya shiga rundunarsu, ya kai samanjan bataliya, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, ya kuma sami lambobin yabo na Birtaniya. Amma sai da ya zo yin ritaya a 1953 aka ba shi kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi.

Ga masu tara kayan tarihi, akwai wani bambanci muhimmi a nan. Lambobin da Birtaniya ta raba bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya suna ɗauke da sunan soja da lambarsa. Amma lambobin halartar yaƙi na biyu, irin su Tauraron Bama da Tauraron Afirka, haka aka raba su ba suna.

Saboda haka Tauraron Bama shi kaɗai ba ya gaya wa kowa ko na wane ne, kuma kuɗinsa kaɗan ne domin an buga shi da yawa. Littafin sallama, mai ɗauke da sunan soja da lambarsa da bataliyarsa da ranar da aka ƙara masa igiya, shi ke mayar da ƙarfen ya zama tarihin mutum. Idan aka raba gado, wannan ya ɗauki lamba, wancan ya ɗauki littafi, an rage wa kowannensu daraja.

Wasu lambobin jaruntaka kuwa akan sassaƙa masu suna, kuma takardun da kwamandoji suka rubuta suna bayanin abin da sojan ya yi suna gidan adana takardu na Birtaniya da ke Kew, a London.

Batun ya wuce na kuɗi. A 2019 an ba da labarin wasu takardu da aka gano a wannan gidan, waɗanda suka nuna cewa kuɗin sallamar da aka ba farabiti Bature sule 10 ne a kan kowane wata na aiki, shi kuwa baƙar fata sule 3 da sisi. A watan Afrilun 2021 kuma, hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta amince cewa aƙalla mutane dubu 116 da suka mutu a yaƙi na ɗaya, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a wuraren tunawa ba. A irin wannan hali, takardar da ke hannun iyali na iya zama shaida ɗaya tilo da ta rage.

Zamanin yaƙin basasa

Yaƙin basasar Nijeriya, daga watan Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, ya zo da ƙarin girma cikin gaggawa.

Rundunar da ba ta wuce mutum dubu 10 ba ta kumbura ta kai kusan dubu 250. An sake kiran tsofaffin sojojin Bama, kuma an ba sajoji da samanjoji da dama anini a bakin daga, saboda ƙarancin hafsoshi.

Yakubu Gowon ya hau mulki yana laftanar-kanar a 1966, ya zama manjo-janar a 1967. Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Nagogo, wanda ya yi gwamnan soja na Jihar Arewa, ya zama babban hafsan sojojin ƙasa a 1968.

Bayan yaƙin ma an ga irin haka. Da aka kashe Janar Murtala Muhammed a watan Fabrairun 1976, an ɗaga Shehu Musa 'Yar'aduwa daga laftanar-kanar zuwa birgediya kai tsaye, aka naɗa shi mataimakin Obasanjo.

Takardun waɗannan naɗe-naɗe na gwamnati ne, ba su zuwa kasuwa. Abin da ke gidajen mutane shi ne takardun ƙananan sojoji, da wasiƙun da suka aiko daga Inugu ko Onica, da hotunansu cikin kaki.

A Amurka, wata doka ta 1978 ta mayar da takardun aikin shugaban ƙasa mallakar jama'a. A Nijeriya kuwa, an fi samun na shugabanni a cibiyoyi daban-daban, kamar Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, da ɗakin karatu na Obasanjo da aka buɗe a Abeokuta a 2017.

Abin mamaki shi ne, wasiƙar shugaban ƙasa da aka fi yin magana a kanta a Nijeriya ita ce wadda ba ta isa ba. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya a watan Nuwambar 2009 ba tare da majalisar dokoki ta sami takardar miƙa mulki ga mataimakinsa ba. Sai a ranar 9 ga watan Fabrairun 2010 majalisar ta ba Goodluck Jonathan riƙon ƙasa, tana mai kafa hujja da wata hira da shugaban ya yi da BBC ta wayar tarho.

Doka da ajiya

Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Nijeriya ta 1979 ta sanya rubuce-rubucen hannu na gida da aka yi kafin 1918 a cikin jerin kayan tarihi. Ba a saye ko sayar da su sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, ba a kuma fita da su daga ƙasar sai da izini.

Wasiƙar Sarkin Musulmi ko ta Sarki Dikko ta farkon mulkinsa ta shiga wannan ma'ana. Littafin sallama na 1946 kuwa, wanda Turawa suka buga, bai shiga kai tsaye ba, don haka ya fi sauƙin sulalewa zuwa hannun dillalai.

Amma dillali ba shi ne babban abokin gaba ba. Gara da ɗigon ruwan damina da gobara sun cinye takardu fiye da duk wanda ya saya. A 'yan shekarun nan kuma, hare-haren 'yan bindiga a yankunan Batsari da Safana da Kurfi da Dutsin-Ma sun tilasta wa iyalai da yawa barin gidajensu, kuma mai gudun ceton rai ba ya tsayawa neman adakar kakansa.

Wata ɓarnar da kyakkyawar niyya ake yin ta. Mutane kan kai tsohuwar takarda shago a rufe ta da roba mai zafi, wato laminatin, alhali zafin da gam ɗin suna lalata tawada, kuma ba a iya ɓare robar daga baya. Haka ma liƙe yagewa da salatif, ko goge lambar soja da toka har rubutun ya shafe.

Ma'aikatan adana takardu sun fi son a shimfiɗa takarda ba tare da ninkewa ba, a sa ta tsakanin fararen takardu, a ɗora ta nesa da ƙasa da bango, a ɗauki hotonta gaba da baya, sannan a rubuta a wata takarda dabam sunan mai ita da yadda ta zo gidan, tun dattawan da suka sani suna raye.

Tun daga 2004, ɗakin karatu na Birtaniya yana da wani shiri na ɗaukar hotunan takardun da ke cikin haɗari a ƙasashe daban-daban, ciki har da Nijeriya, inda ake barin ainihin takardar a hannun masu ita.

A cikin jihar Katsina, wuraren da suka fi kusa da mai neman shawara su ne Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar, da gidan tarihi na ƙasa da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922. A Dutsin-Ma kuma akwai Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da jami'ar tarayya da aka kafa a 2011, wadda ke cikin ƙaramar hukuma ɗaya da Dabawa.